Tsohuwar Jitarmu

A ɗakin sujadar makarantarmu akwai wata jita mai aiki da lantarki wadda ta girmi yawancin ɗalibanmu. Fentinta ya goge a inda hannu ke sauka, ƙarafunanta sun yi tsatsa, hunturu kuma ya tsattsaga mata baya. Da bikin yaye ɗalibai ya matso, mu malamai muka yi shawara mu kai ta wurin kafinta ya yi mata sabon fenti, don kada mu ji kunya a gaban baƙi.

Ana cikin haka sai wani ɗan aji shida ya ce, "Malam, ai a Amurka kuɗi ake biya a tsofar da sabuwa." Muka yi dariya, amma da muka bincika sai muka tarar gaskiya ne. Kamfanin Fender, wanda ya fito da jitar Stratocaster a 1954, ya fara sayar da irin waɗannan a 1995 da sunan Relic. Ana goge fenti da sanfefa, a sa jikin jitar cikin sanyi mai tsanani har fentin ya tsage, a sa wa ƙarafuna tsatsa da gangan. Mai saye yana biyan fiye da kuɗin sabuwa don a ɗauka ya daɗe yana kaɗawa.

Wannan ya sa muka sake duban tamu. Ramin da ke gefenta ya samu ne ran da ta faɗo daga mota a hanyar Kaduna. A shekarun da 'yan bindiga suka mamaye dajin Kamuku, kafin sulhun 2024, iyaye da yawa sun kwashe 'ya'yansu, ajujuwa suka ragu. Tsirkiya ta tsinke, babu mai iya zuwa Kaduna ya sayo. Da tsirkiya huɗu muka yi ta sujada wata da watanni. Da mun shafe wannan da fenti, me za mu nuna wa na baya?

Muka fasa. Muka sa mata sababbin tsirkiyoyi kawai, muka share ƙura.

Ya ku ɗalibanmu masu fita, za ku haɗu da masu sayar da takardar shaidar da ba a yi karatunta ba, da masu cewa ku ƙara shekarun aiki a takardar neman aiki. Wannan ma goge sabuwar jita ne da sanfefa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, domin ran da aka miƙa muku jitar aka ce ku kaɗa, yatsunku ne za su ba da shaida. Ku yi haƙuri ku bar aiki da shekaru su yi muku alama.

Allah ya kiyaye ku a duk inda kuka nufa. Amin.