Autanmu Zai Shiga Gasar Ces

Ku matso kusa, maganar nan kada ta wuce tabarmar nan. Autanmu ya yi rajistar gasar ces da za a yi a Abuja wata mai kamawa, ko Hajiya ba ta sani ba tukuna. Wai sai ya ga abin da ya samo.

Kun dai san shi da waya. Dare ya raba yana buga ces a Lichess, wasan minti uku-uku, ya ci wannan, wancan ya cinye shi. To zauren gasa ba haka yake ba. Kowane ɗan wasa minti 90 ake ba shi, da ƙarin daƙiƙa 30 duk motsin da ya yi, sai ka ga wasa ɗaya ya ci awa huɗu. Yaron da ko shayi ba ya iya jira ya huce!

Abin da ya fi ba shi wuya shi ne dokar taɓawa. Ka taɓa dokinka da gangan, dole shi za ka motsa, ko da ka hango halaka a gabansa. Shi ya sa yanzu idan ya zauna gaban allo yake tura hannayensa ƙarƙashin cinyoyinsa, ba ya fito da su sai ya gama shawara. Ga rubutu kuma, kowane motsi, nasa da na abokin karawa, sai ya shiga takarda. Waya kuwa, ta yi ƙara a aljihunka an ci ka, ko sarauniya biyu gare ka.

Malam, na ga kana murmushi, kana cewa ai dara ce kawai. Bari ka ji. Inda muke samun saɓani da Auta, haddar buɗe wasa. Ya duƙufa kan tsarin Sisiliya, motsi goma sha biyar a ka, kamar mai shirin musabaƙa. Ni kuwa a ganina ɗan koyo ba a nan yake faɗuwa ba. Gajiya ce ke kama shi a awa ta uku, ya bar hasumiya a fili a ɗauke. Na matsa masa ya koma ƙarshen wasa, ya iya matsayin Lucena da na Philidor, wato yadda ake kai soja ɗaya gaci idan hasumiya ɗai-ɗai ta rage, da yadda ake tare shi a tashi canjaras. Ya yarda, amma da ƙunƙuni.

Tunde Onakoya ne ya sa masa wannan zazzaɓi, tun da ya ga mutumin ya yi awa 60 yana wasa a Times Square a 2024. Burin Auta dai bai kai can ba. Lambar matsayi ta FIDE, hukumar ces ta duniya, yake so, kuma sai ya kara da masu lamba aƙalla sau biyar kafin a yi masa lissafi. Tsarin haɗa 'yan wasan ma da sauƙi: ba a korar kowa, in ka ci a haɗa ka da wanda ya ci, in ka faɗi a ba ka ɗan'uwanka a faɗuwa.

Yanzu abin da ya rage, mai zama gabansa su yi wasan gwaji ranar Asabar bayan La'asar, da agogo da takarda, babu hira. Alhaji, kai ne mai haƙurin cikinmu. Ba sai ka iya sosai ba, ka dai daɗe kana tunani har ransa ya ɓaci.