Darasin La'asar a Gadarif



A ƙarshen daminar 2016, muna ɗalibai a Jami'ar Afirka da ke Khartum, mu huɗu ƴan Maraɗi da Damagaram muka sami ɗan hutu, muka hau mota zuwa Gadarif. Tafiyar ta kai kilomita 400, ta Wad Madani, sannan a miƙe gabas wajen iyakar Habasha. Wani abokin karatunmu, haifaffen garin, shi ya gayyace mu. Ya ce yaran unguwarsu na bukatar mai duba musu aikin makaranta bayan la'asar.

Gadarif rumbun Sudan ce. Ƙasarta baƙar laka ce mai tsagewa da rani, mai riƙe ƙafa da damina, kuma tun shekarun 1940 ake noma ta da inji. Dawa da riɗi iya ganin ido. Ɗakunan ciyawa masu tsinin kai sun tuna mana ƙauyukan Gobir, ga jakuna na jan tankunan ruwa gida-gida, don garin ya daɗe yana fama da ƙarancin ruwa.

Hausawan can ba baƙin jiya ba ne. Wasu jikokin alhazan ƙafa ne da suka tsaya noma don neman guzuri, zama ya kama su. Wasu kuma kakanninsu na cikin masu hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ƙarasa da jama'a ƙasar Sudan.

A farfajiyar masallaci muke shimfiɗa tabarmi. Da asuba wurin makarantar allo ne, wadda suke kira halwa. Da la'asar kuwa ya zama namu. Mun je da zaton yaran ba su da ƙwaƙwalwar lissafi. Ashe matsalar harshe ce: yaro ya tashi da Hausa a ɗakin uwarsa, ya koyi Larabcin kasuwa a titi, littafin makaranta kuma da fasahar Larabci aka rubuta shi. Da muka fassara wa wata yarinya tambayar rabawa, muka ce mudu goma sha biyu na dawa za a raba wa gida uku, kafin mu rufe baki ta ce huɗu-huɗu. Mu da muka sha wuyar Faransanci a lakkwal, mun san wannan ciwo sarai. Su ma ba su ƙyale mu ba, dariya suke yi wa Larabcinmu na littafi, suna gyara mana.

Sai yankan riɗi ya zo. Riɗi ba ya jira: in ya nuna aka yi jinkiri, kwansonsa ya fashe ya zube ƙasa. Cikin mako guda tabarmi suka koma rabi. Muka kai kuka wurin limamin, ya saurare mu har ƙarshe, ya ce: "Ƴaƴana, wanda ya tafi gona abincin shekara ya tafi nema. Ku mayar da karatun bayan isha'i." Muka sayi fitila mai caji. Da yawa suka dawo, wasu na gyangyaɗi a kan littafi. Mu kam, da muka fara zargin iyayensu a zuci, kunya ta kama mu.

Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, makarantun ƙasar suka rufe. Da Wad Madani ta faɗi a Disamban wannan shekara, ƴan gudun hijira suka kwararo Gadarif, azuzuwa da yawa suka koma wurin kwanan iyalai. A lokacin abokinmu ya aiko mana da saƙon murya: yarinyar nan mai mudun dawa ta girma, ita ke tara yaran baƙin a farfajiyar bayan la'asar, ta kuma ce a tambaye mu ko akwai mai aiko musu da alli da littattafan rubutu.