Yini Guda a Gidan Mai Dafa Fito a Binduri

A Faransa akwai ajin da ake koya wa sabon shiga sanin giyar inabi: ya duba launi, ya sansana, ya kurɓa ya tofar. To, ni nawa ajin a Binduri na same shi, kuma ba da niyya ba.

Binduri ƙasar Kusasi ce, an yanke ta daga Bawku ta zama gunduma a 2012, an kuma san ta da albasar rani. Kawuna dawa yake sayarwa a kasuwar Bawku. Wata tsohuwa mai dafa fito, wato burkutu, wanda Kusasi ke kira daam, ta maido masa da buhu biyu, wai dawar matacciya ce. Ransa ya ɓaci, ya aike ni in jiwo dalili. Batun halaccin cinikin nan kuwa, shi da malaminsa sun daɗe suna fafatawa, ban sa baki ba.

Na tarar da manyan tukwane jere a kan murhu, hayaƙi ya cika gida. Na durƙusa na ce, "Iya, ina wuni?" Ta ce, "Ɗana, na san ba ka sha. Amma ai ka zo da idonka da hancinka."

Ta buɗe mini dawar da ta jiƙa ta rufe kwana uku. Ta wani ɗan kasuwa ta tsiro fari fat, tamu kuwa rabi ta ruɓe tana wari. Ta ba ni tsiron mai kyau na tauna, sai na ji zaƙi. Ashe tsirowar nan ce ke juya garin ƙwaya ya koma sukari, dawar da ba ta tsira ba, ba abin da za ta bayar. Daga nan a shanya, a niƙa, a dafa, a bari ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa. Sai ya huce a zuba yis, shi ne ke mai da shi abin maye.

Da wani ya zo saye, na ga ya ɗaga ƙoƙo ya duba ja da kumfa, ya sansana kafin ya kurɓa. Bafaranshe sak, sai dai shi bai tofar ba.

Na koma Bawku da yamma na gaya wa kawu. Ya yi shiru, can ya ce tsohuwar dawa ce, kuma damina ta same ta a ɗakin ajiya mai yoyo. Washegari ya aika a kira mai gyaran kwano.