Gubar fenti da rini: me za a rubuta a rajista?

Akwai wani littafi da akasarinmu ba mu taɓa gani ba, alhali kuwa duk ciwon da ke kwantar da mu, har da wanda zai yi ajalinmu, yana da lambarsa a ciki. Ma'aikatan lafiya na ƙasashen da ke aiki da Faransanci suna kiransa CIM, wato jerin cututtuka na ƙasa da ƙasa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ce ke riƙe da shi tun 1948. Asalinsa jerin dalilan mutuwa ne da wani Bafaranshe masanin ƙididdiga, Jacques Bertillon, ya gabatar a Shikago a 1893. Bugu na goma, wanda aka amince da shi a 1990, yana ɗauke da lambobi sama da 14,000. Na goma sha ɗaya ya soma aiki a watan Janairun 2022, amma ƙasashe da dama da na goman suke aiki har yau.

A cikin wannan tulin lambobi guda ɗaya ce ta tsaya mini a rai: T65.6. Ita ce aka keɓe wa gubar fenti da kayan rini, amma da wani sharaɗi maƙale a wutsiyarta: sai fa waɗanda ba a riga an ba su wuri a wani sashen ba. Wannan ƴar wutsiya ita ce dukan maganar. Fenti ba abu guda ba ne. A cikin gwangwani ɗaya akwai garin launi, akwai mai, akwai ruwan nan mai wari da ake tsinka shi da shi, wani lokaci kuma akwai dalma. Littafin ya raba wa kowannensu gida. In dalma ce ta yi ɓarnar, T56.0 za a rubuta. In ruwan tsinka fentin ne, sai a koma T52, inda kananzir yake. In soda ce, wadda masu rinin shadda ke narkarwa a cikin ruwan rini, mai ƙona baki da maƙogwaro, wurinta T54. Rinin da aka yi da sinadarin anilin yana T65.3. Maganin baƙanta gashi kuwa, a littafin da Amurka ke aiki da shi, can aka kai shi T49.4, cikin kayan gyaran gashi. Abin da ya rage bayan kowa ya ɗauki rabonsa, shi ne ke faɗawa T65.6. Kwandon tsince-tsince ke nan.

Ashe kenan mai rubuta lambar ba zai iya yin daidai ba sai ya san abin da ke cikin gwangwanin. To a nan gizo ke saƙar.

A unguwar da nake haya akwai wata baiwar Allah mai rinin shadda a tsakar gida, sana'ar da ta riƙe mata marayu huɗu. Garin rininta a ƙulle-ƙullen leda take sayo shi, babu suna, babu rubutu, ragowar ruwan da ta haɗa kuma a gorar roba ta ruwan sha take ajiye shi, domin ita ce ke hannu. Wata rana da zafin azahar ɗan kishiyar maƙwabciyarta, yaro ɗan shekara biyu, ya ga gora ya kai baki. Ni na ɗauke su a babur zuwa likita. Malamin asibitin ya tambayi uwar: "Malama, me ya sha?" Ta ce ruwan rini. Ya ce wane iri? Ta dube ni, na dube ta. Allah Ya taƙaita, yaron ya tashi, leɓe kawai ya ƙone. Amma na leƙa rajistar sa'ad da malamin ke rubutu, na ga kalma guda ta Faransanci mai nufin ya sha guba, daga ita sai shekarun yaron da sunan unguwa. Ban ga laifinsa ba: layin marasa lafiya ya kai ƙofa, kuma ba shi da abin auna komai. Sai dai daga wannan layi guda ba wanda zai taɓa sanin cewa soda ce, a gorar ruwa, a gidan da ake rini.

(Tun da maganar ta kawo mu nan, bari in faɗi abin da likitoci ke nanatawa. Wanda ya haɗiyi soda ko ruwan tsinka fenti, kada a sa shi amai. Soda in ta dawo za ta sake ƙona hanyar da ta bi, man kuma yana iya zarcewa huhu. Kada a ɗura masa manja ko nono. A kai shi likita nan take, a riƙo gwangwanin ko ledar a hannu.)

Lambar tana da rabi na biyu, wanda ya fi na farkon nauyi. Littafin bai gamsu da sanin abin da aka sha ba, yana son sanin yadda aka yi aka sha. A tsarin OMS ana ƙara wata lamba daga babin dalilai: X49 in kuskure ne, X69 in mutum ne ya sha da gangan, X89 in wani ne ya ba shi don cuta, Y19 in an kasa tantancewa. Amurkawa, da suka faɗaɗa littafin zuwa wajen lambobi 70,000 suka soma aiki da shi ran 1 ga Oktoban 2015, sun cusa niyyar cikin lambar kanta. T65.6X1A na nufin gubar fenti ko rini, bisa kuskure, ana cikin jiyyar farko. A canza 1 ɗin nan zuwa 2, labari ya zama na mai neman halaka kansa. 3, ya zama na ɗan sanda da alƙali. Ƙa'idarsu kuma ta ce in takardar likita ba ta faɗi niyya ba, a rubuta kuskure. A can dalilin tsananin kula da lamba kuɗi ne, domin da ita kamfanin inshora ke biyan asibiti. Mu a nan ba inshora ke matsa mana ba. Kunya ce.

Ga misali daga Sudan da Maroko, inda likitoci suka daɗe suna rubutu a kan gubar wani baƙin sinadari, PPD, wanda ake rina gashi da shi, ake kuma gauraya shi da lalle don ya yi baƙi da sauri. Wanda ya haɗiye shi, wuya da harshe ke kumbura har numfashi ya toshe, sai an huda maƙogwaro. Tsoka ta narke, fitsari ya koma kalar gahawa, ƙoda ta tsaya. Ba shi da makari. Daga cikin waɗanda ake kaiwa asibitocin Kartum akwai yaran da suka tsinta suka kai baki, amma da yawa ƴan mata ne da matan aure ƙanana da suka sha suna sane. Baƙin lalle bai tsaya a bakin Nilu ba. Duk wanda ya halarci biki a Maradi ko Damagaram ya gan shi a hannun amare. Yanzu a ce irin wannan ta faru a gidan mutunci a garinmu. Wane uba ne zai tsaya gaban malamin asibiti ya ce ƴarsa da gangan ta sha? Zai ce ta ɗauka magani ne. Malamin, shi ma ɗan gari, ya san dangin, zai sunkuyar da kai ya rubuta kuskure. Na fahimci uban, na fahimci malamin, sutura ce suke nema. Amma maganin kuskure murfi ne da ajiya a sama inda yaro ba ya kaiwa. Maganin ɗayan kuwa a zauna a saurari yarinya a kan auren da aka yi mata ko dukan da take sha. In duka biyun suka shiga ma'aikatar lafiya a Yamai da lamba ɗaya, murfin kawai za a yi ta wa'azi a kansa a rediyo.

Akwai kuma gubar da ba ta zuwa da ihu. A tsakiyar shekarun 1980 likitocin Pari suka soma samun yara da dalma cikin jini, mafi yawansu ƴaƴan baƙin haure daga Afirka ta Yamma mazauna tsofaffin gidaje. Da farko wasu sun ɗora laifin a kan al'adunmu: kwalli, tukwanen gida, tawadar rubutun sha na malamai. Bincike ya nuna bango ne. Gidajen da aka gina kafin 1949 an shafe su da fentin farar dalma, yana ɓamɓarewa, yana da ɗan zaƙi a baki, yara na tsinta suna ci. Dokar 1998 ta wajabta kai rahoton duk yaron da aka samu, a 2015 kuma aka sauke ma'aunin daga mikirogiram 100 zuwa 50 a litar jini. Sai da ciwon ya sami sunansa na gaskiya a takarda kafin a tilasta wa masu gidaje gyara. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ɗanɗana irin wannan a 2010, ko da yake tasu dalmar daga dutsen zinariya ta fito: an yi ta yi wa yara maganin zazzaɓin cizon sauro suna mutuwa, kafin awon jini ya bayyana gaskiya, yara wajen 400 suka rasu.

OMS ta ce babu adadin dalma a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa. Tana rage kaifin ƙwaƙwalwa a hankali, yaro ya kasa karatu a lakwal a ce daƙiƙi ne. Amurka ta hana dalma a fentin gidaje tun 1978, iyakar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke roƙon ƙasashe su kafa kuwa ita ce kashi 90 cikin miliyan. Lambar T56.0 tana nan cikin littafin tana jira, amma ba a rubuta ta sai da awon jini. Mai fentin da ya shafa ƙofar gidanmu bara a cikin tsohon gwangwanin tumatir ya kawo fentinsa, an ɗibar masa daga babban duro a kasuwa, na tambaye shi sunan kamfanin ya ce shi dai ja ya ce a ba shi.