Hular Daren Lahadi

Yau labarin kanmu za mu ba ku. A cikinsa akwai kuskuren da muka yi, kuma muna zaton ba mu kaɗai muka taɓa yin irinsa ba.

Mu takwas ne, abokai tun ƙuruciya. Akwai mushen lakwal, akwai tela, akwai direban da ke jigila tsakanin Filinge da Yamai, akwai ƴan tireda biyu, manoma biyu, sai ɗan kabu-kabu guda. Tun 2015 muka ɗaura wa kanmu wata al'ada: duk daren Lahadi, in kasuwa ta watse an yi sallar isha'i, sai mu haɗu wurin wani dattijon mahauci mu ci nama.

Wanda ya san Filinge ya san dalilin zaɓen Lahadi. Ranar ce dabbobi ke shigowa daga ko'ina cikin Dallol Bosso. Fulani da Buzaye su koro raguna da awaki, ga shanun Azawak irin waɗanda ake kiwo a Tukunus, ga fatake daga Balayara da Bonkuku. Ranar ne mahauci ke samun zaɓi, ranar ne kuma aljihun kowa ke ɗan motsi. Dattijon nan ya san mu sarai. Ya san mai son hanta da ƙoda, ya san mai son haƙarƙari, ya san wanda ba ya son kitse. Zai yayyanka balangu da zafinsa a kan takarda, ya barbaɗa yaji, ya watsa albasa, mu kuma mu zo da burodi da kayan shayi. Nan za a baje hira: damina, kokowa, kuɗin hatsi, wa zai yi aure, wa aka yi wa haihuwa.

Doka guda muka kafa. Kowa ya aza dala ɗari a kan tabarma, a gaban kowa, kafin a taɓa nama. Da tsada ta zo muka mai da shi jika guda. Mun ɗauka adalci ke nan: ba mai cin na wani, ba mai yi wa wani gori.

Sai abubuwa suka soma juyawa. A farkon 2020 aka hana hawan babur a sassan jihar Tillaberi saboda matsalar tsaro. Ga wasunmu wannan labari ne na rediyo. Ga abokinmu ɗan kabu-kabu kuwa, tukunyar gidansa ce aka sauke daga murhu. Babur ɗin nan da shi yake kai mutane ƙauyuka, da shi yake ciyar da mata da yara biyar da tsohuwarsa. Ga korona ta biyo baya. Ga hanyoyin arewa sun yi wuya, musamman bayan abin da ya sami ƴan kasuwar da suka taso daga Banibangu a watan Maris na 2021, Allah ya jiƙan su. Dabbobi suka ragu, nama ya hau.

Abokinmu ya fara da fashin Lahadi ɗaya, sai biyu. Yau ya ce kansa na ciwo, wani mako ya ce baƙi ya yi. Daga nan ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Mu kuwa me muka yi? Muka shiga yi masa shaguɓe a bayan ido. Wani ya ce ya zama mijin-ta-ce. Wani ya ce girman kai ya soma. Muka yi dariya, muka ci namanmu. Wata huɗu cur, ba wanda ya taka zuwa ƙofar gidansa, alhali tsakaninsa da wurin zamanmu bai kai tafiyar minti goma ba.

Dattijon mahauci ne ya farkar da mu. Wani dare yana miƙo mana takardar nama, sai ya tsaya ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Samari, ina ɗan'uwanku?"

Muka ce, "Baba, shi ya guje mu."

Ya ce, "A'a. Ku kunka kore shi, ba ku sani ba. Kowace Lahadi ina hangen shi, shina zagayawa ta bayan tasha don kar ku gan shi. Mutumin da ba shi da dala ɗari, ƙaƙa za shi zamna inda ake aza kuɗɗi bisa tabarma?"

Wallahi naman nan ya fita ranmu. Ba wanda ya iya cewa uffan.

Washegari da la'asar mu uku muka tafi gidansa. Mun tarar ya sayar da babur ɗin tuntuni, kuɗin sun tafi a hatsi da magani. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya kawo ruwa, yana ta murmushi kamar ba komai. Da muka matsa masa, sai ya sunkuyar da kai ya ce:

"Ko kun biya mini ba ni iya ci. Ɗiyana rabon su da nama tun layya. In ci balangu in komo gida ina warin yaji, su tarbe ni? Da wane ido?"

Wannan magana ba shi kaɗai ta shafa ba. A hanyar komawa muka tambayi juna: mu fa? Shekara nawa muna cin nama a waje duk mako, sau nawa muka ƙunsa muka kai gida? Matanmu na fama da tuwo miyar kuka, mu muna zaɓen hanta. Ba su taɓa cewa komai ba, mu kuma ba mu taɓa tambaya ba.

Muka zauna muka sake doka. Na farko, ba sauran aza kuɗi a tabarma. Tela ya cire hularsa, aka ce daga yau ita ce asusu. Za a kife ta a rufe da rawani, kowa ya sa hannu a dunƙule ya fito da shi a buɗe. Mai jika biyu ya sa, mai dala ashirin ya sa, wanda ba shi da komai ya sa hannunsa ya fito. Ba mai leƙe, ba mai tambaya. Dattijon ne kaɗai ke ƙirgawa, abin da ya samu shi zai yanka mana.

Na biyu, duk abin da aka yanka a raba shi biyu. Rabi a ci a nan, rabi a ƙunsa takarda takwas daidai wa daida, kowa ya tafi da ɗaya gida.

Kada ku ɗauka abokinmu ya amince nan take. Ya gane don shi aka yi, ya ce shi ba almajiri ba ne. Sai da mushe ya ce masa, "Kai, wa ya gaya maka don kai ne? In albashi ya yi jinkiri, ni ma hannu wofi za ni sa." Aka yi dariya, amma gaskiya ya faɗa. Daga baya mun gano cewa akwai Lahadin da wasunmu ke cin bashi don kawai kada a ga tabarmarsu wayam. Ashe dukanmu dokar ke matsa wa, kunya ce ta hana kowa magana.

Ya dawo. Lahadin farko da kyar ya ci yanka biyu, amma ya karɓi ƙunshinsa. Da safe ƙaramar ƴarsa ta tare tela a hanya tana cewa, "Baba, mun ci nama jiya!" Tela ya ce sai da ya juya baya ya share ido.

Yanzu abokin namu dillanci yake yi a kasuwar dabbobi, yana samun na rufin asiri. Biyu daga cikinmu sun tafi bida, ɗaya Abijan ɗaya Libiya. In sun samu sukan turo nasu ta Nita, kuma ƙunshinsu bai taɓa fashi ba, ana kai wa iyalansu har gida. Akwai daren da hula ke yin nauyi mu ci har mu bari. Akwai daren da abin da ke ciki bai wuce kowa ya sami yanka uku ba, musamman lokacin takunkumin 2023. Ba mu taɓa sanin wa ya sa, wa bai sa ba. Ba ma kuma son mu sani.

Ƴan'uwa, kusan kowane ɗayanmu yana da fada ko majalisa. Ku duba tabarmarku. In akwai wanda ya ɗauke ƙafa, kada ku yanke masa hukunci, kada kuma ku tsaya ga aika saƙon WhatsApp. Ku taka ku je, zumunta a ƙafa take. Mu sai da wani dattijo ya tuna mana, bayan wata huɗu.

Allah ya rufa mana asiri, ya ba ƙasar Kurfai da Nijar baki ɗaya zaman lafiya da damina mai albarka. Wanda ya biyo ta Filinge daren Lahadi, bismillah, hula na nan.