Tutun Ɗorawa Ya Fito A Maradun

Wannan mako labarin Maradun zan ba ku, da yadda muka kai yara ganin tutun ɗorawa.

Abin da ya jawo maganar wani hoto ne da aka nuna mana muna makarantar horon malamai. Mutanen ƙasar Japan ne zaune bisa shimfiɗa a gindin wata itaciya wai ita sakura, ta yi fure fari mai ɗan ja-ja, ko ganye babu. Malamarmu ta ce kowace shekara, daga ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, iyaye sukan kwashi 'ya'yansu da abinci su je su zauna, ba don kome ba sai kallon fure. Suna ce da al'adar hanami. Furen kuwa ba ya daɗewa, mako ɗaya ko biyu ya kaɗe. Har a 1912 birnin Tokyo ya aika wa birnin Washinton na Amurka kyautar itatuwan nan wajen 3,000. Muka yi ta dariya a aji, wai ashe akwai masu tafiya takanas don su kalli itace. Sai da na zo koyarwa Maradun na gane dariyar ba ta da wuri.

Wadda ba ta san Maradun ba, garin yana gabas da Talata Mafara, kusa da gulbin Sakkwato, Sarkinsa kuwa Sarkin Kaya ake ce masa. Nan kusa madatsar ruwa ta Bakolori take, wadda aka gama a 1978, tana shayar da gonakin shinkafa da albasa da tumatir har wajajen Bakura. Tsofaffi suna cewa lokacin da aka share ƙasa don noman rani an kayar da itatuwa masu amfani da yawa. Amma ɗorawa ba ta ƙare ba, tana nan jefi-jefi a gonakin tudu.

Ran nan ina koyar da 'yan aji huɗu, sai na tambaye su daga ina daddawa take fitowa. Wata ta ce, "Daga kasuwa, Malama." Wata mai ɗan wayo ta ce daga kalwa. Na ce madalla, to, kalwa fa? Aji ya yi tsit. Yara 26, kowace ta sha miyar daddawa daren jiya, amma uku kaɗai suka taɓa ganin ɗorawa da fure. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. A watan Fabrairu na 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, a Satumba na shekarar kuma aka ɗauki yara 73 daga makarantar Kaya, cikin ƙasar Maradun ɗin nan. Yaran nan nawa sun tashi ne uwayensu ba su barinsu su wuce gidajen ƙarshen gari. Ban ga laifin uwayen ba ko kaɗan. Ni ma da 'yata ce, haka zan yi.

Sai na bincika, na sami wata ɗorawa a gonar wani dattijo, tana daf da gidaje, in ka yi kira daga gindinta za a ji ka cikin gari. Na nemi izinin shugaban makaranta, da na mai gona, na bi gida gida wurin uwaye. Waɗansu suka ƙi. Huɗu suka ce sai dai a tafi da su, na ce ai haka na fi so. Muka fita ran Asabar da hantsi, da tabarmi da tulun ruwa da hoce da ƙuli-ƙuli, ƙannensu maza biyar suna biye.

Kai, jama'a! Itaciyar nan ta yi ado. Tutu ja wur, kowane ya kai ƙwan kaza ko ya fi, yana reto a dogon tsinke kamar 'yan kunnen amarya. Na gaya musu da magariba yake buɗewa, ya riƙa tsiyayar da ruwa mai zaƙi, jemagu su zo sha da dare, su kwashi garin furen wannan su kai wa wancan, da haka itaciya take samun 'ya'ya. Wata ta ce ashe jemage ma yana da hannu cikin miyarmu. Da sassafe ƙudan zuma ke cika wurin, shi ya sa ban kawo su da wuri ba.

Doka ɗaya na kafa: ba a tsinka, ba a jifa, sai wanda ya faɗo. Na raba su kashi biyu, kowane kashi da faifai, aka yi tseren tsince. Bayan nan suka zauna suka ƙirga, suka tara, suka ɗebe, ba su san lissafi suke yi ba. Ƙanana suka samo karan dawa suka yi 'yar tsana, suka sa mata tutu ya zama kai. Manya suka zana 'yar gala-gala a ƙasa, waɗansu suka shiga carafke. Mazan dai langa suka sa gaba.

Wasan da ya fi armashi shi ne na rufe ido. Na zo da kalwa da daddawa da ɗan makuba, wadda ake yayyafa wa daɓe ya yi ƙarfi. A ɗaure wa yarinya ido da kallabi, a miƙa mata abu ta shinshina ko ta shafa, ta faɗi sunansa. Daddawa kowa ya gane ta tun daga nesa. Makuba kuwa ba wadda ta sani, sai ɗaya daga cikin uwayen ta karɓi maganar, ta ba su labarin yadda aka daɓe ɗakinta ran da za a kawo ta. Daga nan ta miƙe ta ja musu gaɗa. Ta ce rabonta da tafi irin wannan tun tana budurwa.

Abu ɗaya ya so ya ɓata mana rana. Wani yaro ya faki idona ya wurga sanda, ya kaɗo tutu uku don ya tsotsa. Mai gona yana gefe yana kallo. Na ji kunya ƙwarai. Dattijo ya kira shi, ya ce, "Ɗana, ka san abin da ka zubar? Kowane ɗaya da ya zama damin ɗorawa." Bai doke shi ba. Cewa ya yi tarar da zai biya ita ce ya dawo ran da za a kaɗa 'ya'yan, shi zai ɗauki kwando.

Kafin azahar muka naɗe tabarmi. Na ƙirga yara a gindin itace, na ƙirga a hanya, na sake ƙirgawa a ƙofar makaranta. Ran Litinin uwaye biyu cikin waɗanda suka ƙi suka aiko, wai in za a koma ganin 'ya'yan ɗorawa a watan Afrilu, a rubuta sunan nasu.