Kukan Babur Da Muryar 'Ya Mace

Yau kam maganar da na zo da ita wata za ta karanta ta ce lallai wannan baiwar Allah ta rasa abin rubutawa, ina ruwan biri da gada, me ya haɗa injin babur da maƙogwaron 'ya mace? To ki dai yi haƙuri ki biyo ni a hankali.

Ni haifaffiyar Gummi ce, aure ya kawo ni Anka, dangin mahaifina kuwa suna Bukkuyum. Duk wadda ta san Zamfara ta san ƙasar waƙa ce tun kaka da kakanni. Nan aka yi Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun wanda ya rasu a 1991, nan aka yi Sa'idu Faru. Shi Ɗanƙwairo ma ai murya ce ta ba shi sunan, domin an ce mahaifinsa yana da wani bara mai zaƙin murya da ake kira Ƙwairo, da aka ji ta yaron ta yi kama da tasa sai aka laƙaba masa. Mu mata kuwa namu fagen cikin gida yake: waƙar daka, waƙar niƙa, waƙar raino, sai amada da guɗa ranar biki. Gwaggona ta Bukkuyum maguɗiya ce ta gaske, in ta riƙe hanci ta rangaɗa guɗa daga bakin zaure sai matan bayan gari su san amarya ta fito. Ni kuwa Allah Ya yi ni da gajerar murya. A ƙasa tana da daɗi, amma da zarar waƙa ta ɗaga sama sai ta tsinke kamar zaren da ya ji jiki.

Na taɓa tambayar Gwaggo sirrin abin. Ta yi dariya ta ce, "Ke ɗiyag ga, murya ba a jan ta da ƙarhi, lallashinta akai awa jinjiri." Abin da na lura da shi kawai, duk ranar da za ta gidan biki tun asuba za ki ji tana shara tana wani gunaguni baki rufe, sannu-sannu yana hawa yana sauka, ba ta shan komai sai ruwan ɗumi. Ta koma ga Mahaliccinta ba ta ƙara mini bayani a kan wannan ba, Allah Ya jiƙan ta.

Bayanin da ban samu wurinta ba, a rumfar bakanike na same shi. Ƙanena mai bi mini gyaran babur yake yi, kuma kusan da kunne yake aikinsa. Ɗan kabu-kabu zai turo masa babur yana ta zuba ƙorafi, shi kuwa ba zai tanka ba, sai ya tayar da shi ya bar shi a silo, ya karkata kai yana saurare, sannan ya murɗa totur a hankali har kukan ya kai ƙololuwa, ya sake shi ya sauko. Daga nan sai ya ce fulogi ne, ko kafireto, ko kuwa salansa ce ta fashe. Wata rana na kai masa abinci ina tsaye ina jira, sai na ji tsigar jikina ta tashi, domin hawa da saukar da babur ɗin yake yi, wallahi shi ne dai gunagunin Gwaggo na asuba.

Na ce masa, "Kai, me ke sa kukan ya yi siriri in ka murɗa?"

Ya ce, "Yaya, ai ba komi na ba illa yawan bugu. Duk sa'ad da wuta tak kama mai cikin inji, bugu guda ke nan. In bugun ya yi yawa kunne ba ya iya ƙirga shi, sai ya ji shi awa murya."

Ya yi mini lissafi a ƙasa da tsinke. Babur irin Boxer mai silinda ɗaya, sai inji ya juya sau biyu wuta take kamawa sau ɗaya. In yana juyi 6,000 a minti, bugu 50 ke nan a sakan ɗaya, shi ya sa muryarsa take da kauri kamar ta dattijo. Tsofaffin Jincheng masu hayaƙi da muka tashi muka gani, waɗanda ake haɗa wa baƙin mai da fetur, su kowane juyi bugu ne, don haka kukansu ya fi tsini. Ki tuna da kyau za ki ce haka ne.

To ashe mu ma haka Allah Ya gina mu. A cikin maƙogwaro, daidai bayan zakaran wuya, akwai wasu 'yan tsoka biyu kamar leɓɓa, masana ilimin furuci suna kiran su tantanin maƙwallato. Iskar da ke fitowa daga huhu ita ke kaɗa su, su buɗe su rufe. In mace tana magana suna yin haka wajen sau 200 a sakan ɗaya, na namiji kuwa sau 100 da 'yan kai. Shi ya sa in miji da mata suka rera abu ɗaya za ki ji waƙa guda ce, amma tata tana bisa tasa. Da za ki ɗaga murya, tsokar nan miƙewa take yi ta ƙara tsawo da ɗauri, kamar yadda makaɗi ke matse tsarkiyar kalangu a hammata sautin ya hau.

Shi ƙanen nawa mayen kallon tseren mota ne a waya, irin wanda Turawa ke kira Formula One. Ya nuna mini motocin da aka yi tsere da su wajen 2005, masu silinda 10, waɗanda injinsu ke juyi sama da 18,000 a minti. In kika lissafa, bugu 1,500 ke nan a sakan. Da na ji kukan, rantsuwa na yi guɗa ce. Abin da ya fi ba ni mamaki, a shekarar nan ta 2005 da kamfanin Renault na Faransa ya ci gasar da direbansa Fernando Alonso ɗan ƙasar Sifen, sai injiniyoyinsu suka haɗa injin da kwamfuta, suna ƙara masa gudu suna ragewa bisa lissafi, har ya rera wata waƙar murna ta Turawa tiryan-tiryan. Inji fa, ƙarfe! Ya ce tun daga 2014 aka koma injina masu silinda 6 waɗanda kukansu bai kai na da ba, 'yan kallo suka yi ta tsaki. Na ce ashe ba mu kaɗai ke kewar muryar da ta wuce ba.

Mu ma nan muna da namu tseren, ko da yake ba na yabonsa. Ranar kai amarya samari kan cire hancin salansa su jeru a kan titin da ya bi ta Daki Takwas, kowa yana so a ce nasa ya fi kuka. Ƙafafu nawa suka karye a wannan shirme, Allah kaɗai Ya sani. Amma ko a nan akwai abin lura: ba za ki taɓa ganin mai hankali a cikinsu ya tashi babur da sanyin safiya ya murɗe shi gaba ɗaya ba. Sai ya bar shi ya yi zafi tukuna.

Yanzu ga abin da nake so ki gwada. Kin san yadda yara ke yi in suna wasan babur, su saki leɓɓa su hura iska, "burrrr"? To wannan wasan yaran shi ne malaman waƙa a Turai da Amurka suke sa manyan mawaƙa su yi kafin su hau dandali, har likitocin murya suna koya wa wanda tasa ta dushe. Dalili kuwa, in leɓɓa suka tare rabin hanyar iska, sai wani matsi ya koma baya ya tallafi tantanin nan, su yi aikinsu ba tare da gogar juna da ƙarfi ba. Ki fara daga inda muryarki take zaune lafiya, wato silonki. Ki hau a hankali kamar mai murɗa totur, ki kai inda kika ji za ki fara yunƙuri, ki tsaya nan, ki gangaro. In leɓɓan sun ƙi kaɗawa ki ɗan tallafi kumatu da yatsu biyu. Minti biyar ya isa, safe da yamma, kina wanke-wanke ma za ki iya. Numfashin kuma daga ciki za ki jawo shi, ki ji cikinki ya cika, kafaɗu suna zaune wuri ɗaya.

Za ki iske wani wuri a tsakiya inda murya ke karyewa, ta yi kamar zakaran da ke koyon cara. Yawancinmu a nan muke tsayawa mu ce iyakarmu ke nan. Ba iyaka ba ce, wurin canjin giya ne. Muryar da muke magana da ita a ƙirji take amo, ta sama kuwa ba ta da nauyi, a kai kike jin ta. Wadda ta ce sai ta kai sama da muryar ƙirji, ita ce mai tafiya Gusau a giya ɗaya, kafin ta kai ko'ina inji ya buga. Da kin iso wurin ki rage ƙarfi, ki bar ta ta yi siriri ko da ba daɗi. Ni na yi wata uku ina jin tawa kamar kukan kyanwa, kishiyata tana leƙowa tana cewa, "Maman yara, lahiya dai?" A hankali ramin ya cike, har baitin da nake bari wasu su ɗauka na koma ni ke ɗaukar sa.

Game da zuma da citta da kanumfari da ake ta tallatawa, ban hana ki ba, suna sanyaya maƙoshi. Sai dai ki sani abin da kika haɗiye hanyar abinci yake bi, ba ya taɓa tantanin murya. Abin da ya fi su amfani shi ne yawan shan ruwa, da nisantar hayaƙin ɗanyen icce, da rufe hanci lokacin hunturu, da daina yawan kakari da ƙwala wa yara kira daga wannan sashe zuwa wancan. In kuwa murya ta dushe har mako uku ba ta dawo ba, ba ta zuma ba ce, ki je asibiti a duba.

Na so a ce nan maganar ta tsaya. Amma wadda ke zaune a yankinmu ta san kukan babur ya daɗe da canza ma'ana. Da, in mun ji shi da dare cewa muke maigida ya dawo. Yanzu kowace mace ta zama gwanar saurare ba don ta so ba. Guda ne ko suna da yawa? Kukan yana da tsini, alamar yana nufo mu, ko ya faɗa ƙasa, alamar ya wuce? A Satumban 2021 har layukan waya aka rufe a jihar nan, aka dakatar da kasuwannin mako, aka taƙaita zirga-zirgar babura. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga a kan babura suka afka wa ƙauyuka a ƙasar Anka da Bukkuyum, aka rasa rayuka masu yawa, waɗanda suka tsira suka kwararo cikin gari da abin da ke jikinsu. Bukukuwa da yawa a ƙauye an koma yin su shiru da rana tsaka, ba kiɗa ba guɗa, kada a ji a san akwai taro.

A cikin 'yan matan da nake koya wa waƙar walimar sauka a Islamiyyar unguwarmu akwai wata 'yar shekara goma sha ɗaya daga cikin waɗannan baƙi. Ba ta magana sai da raɗa. Ranar da na fara sa su wasan leɓɓan nan, yara ashirin suka ɗauka gaba ɗaya suna dariya, "burrrr", sai na ga yarinyar nan ta toshe kunnuwa ta shige ƙarƙashin benci jikinta yana ɓari. Na tsayar da su. Da na jawo ta sai ta ce, "Malama, ba ni so, su na."

Ban matsa mata ba. Akwai wata dabara da wani masanin murya ɗan Amurka mai suna Ingo Titze ya yaɗa, aikinsu ɗaya da na leɓɓa: a sa siririn bututun shan lemo a baki a yi gunaguni ta cikinsa, ana hawa ana sauka. Wasu kan tsoma bakinsa cikin kofin ruwa kaɗan. Washegari na zo da bututu da kofi, na zaunar da ita ita kaɗai a bayan aji. Ta hura, ruwa ya yi ɓul-ɓul, ta ɗago ta dube ni, ta sake hurawa. Ta ce wannan kukan kwaɗin gulbi ne. Muka yi ta yin kwaɗi ni da ita har wajen wata biyu, sauran kuwa na ce su riƙa yin nasu babur ɗin a gida.

Ashe yarinyar nan duk ajin ba mai muryarta. Ranar walima ita na ba baitin da ya fi kowane hawa, ta ɗauke shi ba ko gargada, kakarta tana daga bayan mata tana share ido da gefen mayafi. Har yau in babur ya gifta ta bayan katanga takan yi shiru a tsakiyar baiti, ta karkata kai sai ya wuce, sannan ta ɗora daga inda ta tsaya. Mu kuma mukan jira ta.